Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malamanmu Na Shari'a, Falsafa Da Fiƙihu: Shin Ƙungiya Mutum Ce?

Assalamu alaikum malamaina, Allah ya gafarta muku, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Da ku nake, ku masu koyar da aikin lauya da falsafa a jami'o'inmu, da ku malaman fiƙihu masu zaure da masu karatu tsakanin magariba da isha'i. Akwai wata mas'ala da kuka bar ta a cikin aji da cikin littattafan Turanci da Larabci, alhali mu da ke kasuwa da tasha kullum a cikinta muke kwana muke tashi babu wanda ya zauna ya warware mana ita. Mas'alar ita ce, taron mutane, wato jam'iyya ko kamfani ko ƙungiya ko gwamnati ko ƙabila, shin za a iya ɗaukarsa a matsayin mutum guda wanda zai yi alkawari, ya ci bashi, yai laifi, a kuma kama shi da laifin? In ana iyawa to wane irin taro, in kuma ba a iyawa to wa za mu riƙe idan an cuce mu?

Kar wani ya ce wannan gardamar masu ƙoshi ce. Ranar 25 ga Oktoba 2007 Kotun Ƙoli ta sauke Celestine Omehia daga kujerar gwamnan Ribas ta ce a rantsar da Rotimi Amaechi, mutumin da ba shi jam'iyyarsa ta gabatar ba ranar zaɓe. Kotun ta ce shi ne ya ci zaɓen fidda gwani na PDP aka musanya shi ba bisa ƙa'ida ba, kuma jam'iyya ce ke cin zaɓe. A Kogi kuma a Nuwamban 2015 Abubakar Audu ya rasu yana kan gaba kafin a kammala zaɓe, APC ta kawo Yahaya Bello, aka haɗa masa ƙuri'un da aka riga aka kaɗa da na zaɓen cike gurbi ya zama gwamna, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2016. Kenan a waɗannan shari'o'in an ɗauki jam'iyya a matsayin mai iya mallakar ƙuri'a, ta riƙe ta, ta miƙa wa wani daga cikin 'ya'yanta. To amma ka ɗauki takardar manufofin da jam'iyyar nan ta buga ta raba lokacin kamfen ka je wurin ciyaman ka ce ina alkawari, zai ce maka ai mulki na hannun gwamna, gwamna ya ce majalisa ce bata amince ba, ɗan majalisa ya ce abun na gaban kwamiti, haka za ai ta wulla ka har ka gaji ka koma gida. Ranar karɓa mutum ɗaya ce, ranar biya sai ta watse ta zama mutum dubu.

Ku kun fi ni sanin cewa gardamar ta tsufa. Tun ƙarni na 13 Fafaroma Innocent na huɗu ya hana a yi wa gari ko ƙungiya gaba ɗaya hukuncin kora daga coci, kuma ana danganta masa ra'ayin cewa ƙungiya mutum ce ta ƙaddarawa kawai, ba ta da rai. Thomas Hobbes a littafinsa na 1651 ya ce taron jama'a na zama mutum ɗaya ne idan suka samu wakili guda da ke magana da yawunsu. Sai shari'ar Salomon ta 1897 wadda ba ɗalibin lauyan da bai haddace ta ba, mai sana'ar takalma a Landan da ya mayar da kasuwancinsa kamfani, matarsa da 'ya'yansa biyar kowa da hannun jari ɗaya, kamfanin ya karye, masu bin bashi suka ce ai shi ne kamfanin ya biya daga aljihunsa, Majalisar Iyayen Ƙasa ta Birtaniya, wadda ita ce kotun ƙoli a can a lokacin, ta ce a'a, kamfani daban shi daban. Wannan ƙa'idar muka gada, ita ce a dokar kamfanoninmu ta 2020, ita ce a bayan satifiket ɗin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da muke rataye wa a ofis.

Saidai wannan duk maganar doka ce, doka kuwa in ta so ko kogi ma tana iya kiransa mutum, kamar yadda majalisar New Zealand tai wa kogin Whanganui a 2017. Abun da masana falsafa ke tambaya ya fi wannan zurfi, shin bayan takarda akwai wani abu na gaske? Peter French a 1979 ya ce akwai. Ya ce kamfani na da tsarin yanke shawara na cikin gida, an san wa ke sa hannu a me, an san manufar da ake bi, idan shawara ta bi ta wannan hanyar ta fito to niyyar kamfanin ce ba ta manaja wane ba. Christian List da Philip Pettit suka zo a 2011 suka ƙara ƙarfafa maganar da wata hujja da ni dai ta zauna min sosai, don ni sakataren wata ƙaramar ƙungiyar 'yan kasuwa ne, na san yadda zaman kwamiti yake.

Ku ɗauki kwamitin ladabtarwa na mutum uku irin namu, ciyaman da ma'aji da wani dattijo. Dokar ƙungiya ta ce duk wanda aka sanar da shi ranar rufe layi don yashe kwata, sannan ya buɗe shago yai ciniki, to tara ta hau kansa. Aka kawo ƙarar wani. Ciyaman ya ce an sanar da shi kuma yai ciniki, a ci shi tara. Ma'aji ya ce sanarwa kam ta same shi amma kaya kawai ya shiga ɗauka bai sayar da komai ba, a ƙyale shi. Dattijo ya ce ciniki kam ya yi amma yana hanya lokacin da aka zagaya da sanarwa, a ƙyale shi. In ka ƙirga hannu a kan tara, biyu sun ce a'a. In kuma ka bi tambaya ɗaya bayan ɗaya, biyu sun ce an sanar da shi, biyu sun ce yai ciniki, dole tara ta hau. To ni da ke riƙe da biro da littafin minit me zan rubuta? In kwamiti na so gobe ya iya kare hukuncinsa da dalili, kar ya faɗi wani abu yau jibi ya faɗi kishiyarsa, dole ya tsaya a kan matsaya ɗaya mai haɗe da juna, kuma matsayar nan tana iya zama wadda mafi yawan 'yan kwamitin a ransu basu yarda da ita ba. Daga nan ne List da Pettit suka ce ƙungiya na iya samun nata ra'ayin wanda ba jimlar ra'ayin membobinta ba ne, ba don wani aljani ya shige ta ba, tsarin ne kawai ya haifar da hakan.

Ni ban ma buƙaci littafi ba kafin in ga wani yanki na wannan. Lokacin da aka rantsar da sabbin shugabanni a ƙungiyarmu, sabon ma'aji ya buɗe littafi ya tarar da ragowar kuɗin wani mai bulo da tsofaffin shugabanni basu biya ba. Wani matashi ya miƙe a mitin ya ce mu ba mu muka ci ba, su da suka ci su je su biya. Wani dattijo da ke zaune bakin ƙofa ya ce a miƙo masa rasit ɗin, ya sa tabarau, ya ɗora yatsa a kan hatimin da ke ƙasa ya ce yaro karanta min sunan da ke nan, sunan Alhaji wane ne ko sunan ƙungiya? Sannan ya bugi bangon da ya jingina da shi da tafin hannu ya ce wannan ma da bulon aka yi shi. Daga kuɗin wata aka riƙa cirewa har aka gama biya.

Na san akwai masu cewa a'a, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Manuel Velasquez ya rubuta a 1983 cewa kamfani ba ya ɗaukar alhakin komai ta fuskar ɗabi'a, don laifi na buƙatar niyya da kuma jikin da ya zartar da niyyar, shi kuwa kamfani ba shi da hannu sai na ma'aikatansa. Kotun Nuremberg da ta yi wa shugabannin 'yan Nazi na Jamus shari'a ma a 1946 ta ce mutane ne ke aikata manyan laifuka, kuma sai an hukunta su ɗaya bayan ɗaya doka za tai aiki. Mu ma ai muna cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Kuma gaskiya ne in aka ci kamfani tara ba shi ke jin zafi ba, masu hannun jari ne da leburan da za a sallama da mai sayen kayan da za a ƙara wa farashi.

Amma ku dubi abun da ya faru ranar 6 ga Maris 1987. Jirgin ruwan fito mai suna Herald of Free Enterprise ya tashi daga Zeebrugge a Beljiyam zai tafi Dover, ƙofar gaba da motoci ke shiga ta ciki tana buɗe, ruwa ya cika shi ya kife, mutum 193 suka mutu. Ma'aikacin da aikinsa ne ya rufe ƙofar yana barci a ɗakinsa, jami'in da ya kamata ya duba bai tsaya ya tabbatar ba, kyaftin daga inda yake ba ya ganin ƙofar, kuma tun kafin nan wasu kyaftin sun nemi a sa musu fitilar da za ta nuna ko an rufe, shugabannin kamfanin sukai watsi da buƙatar. Alƙali Sheen da ya binciki lamarin ya ce cutar sakaci ta kama kamfanin tun daga sama har ƙasa. Da aka kai kamfanin kotu da tuhumar kisa shari'ar ta rushe a 1990, don ba a samu babban shugaba guda da za a ce laifinsa shi kaɗai ya kai na kisa ba. Kowa ya ɗauki ɗan guntun sakaci, babu wanda nasa ya isa, gawa 193 kuma na kwance. Sai a 2007 Birtaniya tai dokar da ke ba da damar a kama kamfani kansa da laifin kisa saboda yadda yake tafiyar da aikinsa. In muka bi Velasquez har ƙarshe, to duk ɓarnar da aka rarraba ta kashi kashi tsakanin ofisoshi ta zama ba mai ita kenan, ni kam ban yarda da wannan ba.

Mu ma a Kano mun ga makamancin haka. A 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 suka rasu. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe su kuma bai saɓa ƙa'ida ba, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da amsa laifi ba. Shugaban kamfanin na 1996 ba shi ne na 2009 ba, gwamnatin Kano ta 1996 ta soja ce ta 2009 ta farar hula, duk da haka ba wanda ya ce ai waɗancan sun tafi magana ta mutu. Da ba a ɗauki kamfanin a matsayin abu ɗaya mai ɗorewa ba da iyayen yaran nan ba su da ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Don haka ni matsayata ita ce, taron da ke da tsarin yanke shawara, yake da bakin da ke magana da yawunsa, yake iya tuna abun da ya faɗa jiya, to ya isa a riƙe shi kamar yadda ake riƙe mutum, yai alkawari a bi shi, yai ɓarna ya biya, ya nemi gafara. Kuma kama kamfani bai wanke daraktan da ya sa hannu ba, su biyun za a kama kowa da gwargwadon nasa. Amma wannan bai sa ya zama ɗan Adam ba. Kamfani ba ya jin yunwa, ba a yi masa jana'iza, ba uwar da za tai kukansa. List da Pettit da kansu sun ce bai kamata a ba ƙungiya haƙƙi daidai da na mutum ba, haƙƙinta iya abun da zai amfani mutane ne, sa ido a kanta kuma ya fi na mutum tsanani don ta fi shi ƙarfi da tsawon rai. Amurka ta bi wata hanyar a 2010 a shari'ar Citizens United, alƙalai biyar cikin tara suka ce 'yancin faɗin albarkacin baki ya hana gwamnati taƙaita kuɗin da kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago ke kashewa da kansu wajen tallan siyasa, kuma ni a ganina wannan ba wa mai ƙarfi ƙarin ƙarfi ne. Mu da kamfanin Royal Niger ya samu takardar izinin mulki a 1886, yake da nasa sojojin, ya kai wa Bida da Ilorin yaƙi a 1897, sannan gwamnatin Birtaniya ta biya shi fam 865,000 ta karɓi yankunan a farkon 1900, ba sai an faɗa mana abun da kamfani ke zama ba in aka sakar masa mara.

Yanzu ga inda abun ya fi ci min rai malamaina, kuma shi ne dalilin wasiƙar nan. Mu a nan mun kifa maganar ne. Taron da ke da ofis da hatimi da lauya da asusun banki muna barinsa ya sulale, taron da ba shi da ko ɗaya daga ciki shi muke ɗaure wa laifi a wuya. Fulani sun yi kaza, Hausawa sun yi kaza, Ibo sun yi, Tibi sun yi, Berom sun yi. Yaushe Fulani suka zauna mitin, wa ya rubuta minit, wa aka ba izinin sa hannu a madadin makiyayin da ke Adamawa da likitan da ke Abuja da tsohuwar da ke tallan nono a Gusau? Ba wanda ya cike fom ya shiga ƙabila, ba kuma wanda zai rubuta takardar murabus ya fita. French ma ya raba tsakanin taro mai tsari da tarin mutanen da suna ko wuri kawai ya haɗa, ya ce na biyun ba ya da alhaki na kansa sai na ɗaiɗaikun da ke ciki. Ƙungiyar da ta fito ta ce tana magana da yawun wata ƙabila, ita ƙungiyar za a riƙe da abun da ta faɗa, ba ƙabilar ba. Karl Jaspers a Jamus a 1946, bayan duk abun da 'yan Nazi sukai, ya ce ba a yanke wa al'umma gaba ɗaya hukuncin mai laifi, mai laifi kullum mutum ne guda, duk da ya yarda 'yan ƙasa na ɗaukar nauyin abun da gwamnatinsu ta jawo.

Mun ga inda wannan kuskuren ke kaiwa. A Nuwamban 1999 wasu 'yan bindiga suka kashe 'yan sanda 12 a yankin Odi a Bayelsa, sojoji suka shiga suka rushe garin kusan gaba ɗaya, sai a 2013 wata babbar kotun tarayya ta ce a biya mutanen garin naira biliyan 37.6. A Oktoban 2001 aka kashe sojoji 19 a Binuwai, aka mayar da martani a kan Zaki Biam da garuruwan kewaye, farar hula masu yawan gaske suka mutu. An ɗauki gari kamar mutum ɗaya da yai laifi aka hukunta shi, alhali garin bai taɓa zama ya yanke shawarar kashe kowa ba. A 2007 kuma babban hafsan sojin ƙasa Luka Yusuf ya nemi gafarar mutanen Binuwai a madadin rundunar, wannan kam daidai ne, don runduna tana da tsari da jerin umarni, tana iya yin laifi tana iya tuba ko da hafsan da ke kai ya canza. Yau ma ga shi ana tare mota a hanya a sauke matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba a kashe shi saboda harshensa ko kamanninsa, a kudu ana yi a arewa ana yi.

Malaman fiƙihu, Allah ya gafarta muku, ku kuna da kayan aikin da ya fi na kowa a wannan fagen. Kuna da maganar zimma, wato cancantar ɗaukar haƙƙi da bashi, kuna da waƙafi da ke nan daram ko nazirinsa ya mutu, kuna da baitulmali da ke bin bashi ake kuma binsa, waɗanda malamai irin su Mustafa Zarƙa da Taƙi Usmani suka kafa hujja da su cewa fiƙihu bai rasa gurbin irin wannan mutuntakar ta hukunci ba, wasu malaman kuma suka ja da su. Kuna da farillar kifaya, inda gari duka ke shiga zunubi in aka bar gawa ba sallah. Kuna da aƙila, wato dangin mutum da ke taya mai kisan kuskure biyan diyya, amma ba a ɗora mata diyyar kisan ganganci, balle a kashe ɗan uwan mai laifi a madadinsa. Ga aya ta 28 a Suratul Jasiya da ke cewa kowace al'umma ana kiranta zuwa littafinta, ga aya ta 95 a Suratu Maryam da ke cewa kowannensu zai je masa ranar alƙiyama shi kaɗai, ga kuma inda Alƙur'ani ya maimaita cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin zunubin wani. Dan Allah ku haɗa mana waɗannan a huɗuba da wurin tafsiri, ku faɗa ƙarara cewa taya ɗan uwa biyan diyya daban, ramuwar gayya a kan ƙabilarsa daban, don matashin da ke rubuta zagin wata ƙabila a Facebook da dare shi ne a sahun gaba ranar Juma'a, kuma maganarku yake ji.

Ku kuma malaman falsafa, gidajen rediyon Kano da Kaduna da Sakkwato da Damagaram cike suke da shirin siyasa safe da yamma, ku nemi awa ɗaya a sati ku kawo wannan gardamar da Hausa, harda hujjojin waɗanda suka saɓa muku, a buɗe layi mutane su bugo waya. Malaman shari'a kuma akwai aiki a gabanku da ba sai an jira kowa ba. A 2018 Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudirin dokar hukunta kamfani a kan kisa ta hanyar sakaci, shugaba Buhari ya ƙi sa hannu bisa dalilin cewa wani sashe ya ci karo da ƙa'idar tsarin mulki ta ɗaukar wanda ake tuhuma a matsayin mara laifi har sai an tabbatar. To ku zauna da ɗalibanku ku gyara sashen, ku miƙa wa 'yan majalisar yankunanku, ku kuma fassara shi da Hausa ku ba mu, mu a ƙungiyance za mu karanta shi a mitin mu sa hannu mu bi bayanku.

Wassalamu alaikum.

Ɗalibinku,
sakataren wata ƙungiyar 'yan kasuwa